Ɗorin da Baba Bai Kwance Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa ya nufa. Baba, mahaifin maigidana, ya rasu a gidansa na Aliero ana tsakiyar bazara, bayan an gama kwashe albasa daga fadama, 'yan shekaru kaɗan da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Ba zan kama sunansa ba. Surukina ne, ban taɓa faɗar sunan yana raye ba, kuma bakina bai koya ba don ya mutu. Mai ɗori ne. Duk wanda ya taɓa karyewa tsakanin Jega da Maiyama a wancan zamani ya san zauren da nake nufi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ranar zaman makoki shi ne yadda masu gaisuwa suke gabatar da kansu. Baba ba ya riƙe sunan mutum, ƙashinsa yake riƙewa. In ya gamu da kai a kasuwa bayan shekara goma sai ya ce, "Kai ne haƙarƙarin Maiyama," kuma ba ya kuskure. To, haka mutane suka zo masa ta'aziyya. Maza na zaure ban gan su ba, maigidana ne ya ba ni labari. Ya ce wani direban motar albasa ya naɗe hannun riga yana nuna wa jama'a damtsensa, wani tsohon ɗan kokawa ya ce wannan ai wasan yara ne, ya ɗage wando ya nuna cinya. Gardama ta so ta tashi a kan wanda karayarsa ta fi muni, sai da liman ya yi gyaran murya ya ce a yi salati.

A cikin gida wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ta zauna kusa da Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce, "Ba ku gane ni ba. Ni ce ƙugun Alelu."

Gwaggo ta ɗago jajayen idanunta ta dube ta. "Ke ce kinka hwaɗo daga bisa rumbu? Ashe kina nan, shi ya riga ki."

"Da ƙahwata na taho tun daga bakin hanya," in ji tsohuwar. "Kullum ina cewa in zo in nuna mishi. Yau na zo, na ishe ya tahi."

Duk wannan a tsakar gida ake yinsa. A ɗakina kuwa akwai wadda ba ta iya fitowa ba, wata Bafillatana daga ruga kusa da Gumbin Kure, kwance da ƙwaurinta a ɗaure cikin kara. Baba ne ya sa aka yi mata ɗorin 'yan makonni kafin ya kwanta ciwo. Da na shiga kai mata fura, ta bari sai da na ajiye ƙwarya, sannan ta ce a hankali, "Adda, Allah shi jiƙan tsoho. To ni, wa za shi kwance ni?"

Na gyara mata shimfiɗa na fito. A gidajen ɗori na garinmu, wanda ya ɗaura shi ke cewa ƙashi ya kama, shi ke sa ranar kwancewa, kuma mai ɗori ba ya sa hannu a ɗorin wani. In an kwance da wuri ƙafa ta lanƙwashe, in an daɗe gwiwa ta sandare. Wanda zai ce lokaci ya yi kuwa an rufe shi da hantsin ranar.

Sai na faɗi yadda aka yi mai karaya ta kwanta a ɗakina, domin a nan ne na san Baba, in har za a ce na san shi.

Baba ba ya taɓa jikin matar aure. Maza da yara a zaure yake yi musu da hannunsa, mata kuwa sai a shigo da su cikin gida, Inna, mahaifiyar maigidana, ta zama hannunsa. Shi zai tsaya a bayan zanar da ta raba tsakar gida da hanyar zaure, yana tambaya, tana amsawa, har a gama. Da Inna ta rasu sai aikin mata ya tsaya. Gwaggo hannunta na rawa, kuma ta ce ko ba ya rawa ita ba ta iya jin ƙarar ƙashi. Ni kuwa sabuwar jiha ce ta bar ni a gidan. An mayar da maigidana aiki Birnin Kebbi, bai samu muhalli ba, sai ƙarshen mako yake zuwa. Daga unguwar Firchin ta Jega aka kawo ni. Na gama sakandare, na ga hoton ƙwarangwal a aji har na haddace wasu sunaye don jarrabawa, amma ban taɓa taɓa ƙashin da ya karye ba ko na kaza. Tsakanina da Baba kuwa gaisuwa ce kawai. In na ji takunsa sai in durƙusa in juya fuska bango har ya wuce.

Wata safiya aka shigo da wata mata da ta faɗi a bakin rijiya, tsintsiyar hannunta ta karkace. Tana ta nishi a kan tabarma, Gwaggo ta tsaya tana juya hannu. Sai muka ji gyaran murya a bayan zana.

"A tambayi mutanen Jega," in ji Baba, "ko suna tsoron ƙashi."

Babu mutumin Jega a gidan sai ni. Na sunkuyar da kai na ce da ƙasa, "A ce da Baba ba su sani ba tukuna."

"To, su wanke hannu mu gani."

Tun daga ranar har ya bar duniya bai taɓa ce mini "ke" ba. Mutanen Jega nake. Ni ma ban taɓa ce masa "kai" ba, kuma ban san launin idonsa ba. Amma na san muryarsa kamar yadda na san ta uwata, na san in ya yi shiru tunani yake yi ko bai gamsu ba ne.

Ya ce a fara da hannun lafiya. Na shafa shi tun daga gwiwar hannu har yatsu, na ji ƙashi biyu suna tafe gefe da gefe. Sannan ya ce a koma ɗayan. Ya yi tambayar da daga baya na ji ta sau ba adadi: "Mi hannu ya gani?" Na ce akwai inda hanya ta yi tudu, kuma matar tana zabura in na kai nan. Ya sa Gwaggo ta riƙe gwiwar hannun tana kau da kai, ni kuma in ja a hankali, ba fizga, ba sassautawa. Yana karatu ƙasa-ƙasa a bayan zana, ni ina ja, gumi na zubo mini. Can sai na ji abin ya zame a ƙarƙashin babban yatsana ya zauna, kamar yadda murfi ke zama a bakin tukunyarsa. Na ce, "A ce da Baba tudun ya kwanta." Ya ce alhamdu lillahi. Aka shafa man shanu, aka naɗa tsumma, aka kawo karan dawa da aka fere aka saƙa da zare kamar ƙaramin asabari, aka ɗaure.

Na ɗauka an gama. Sai ya ce a sa ɗan yatsa tsakanin kara da fata, in bai shiga ba a sassauta. A danna farcen matar a ga ya yi fari, a saki a ga jini ya dawo. Wannan bai taɓa yarda a tsallake shi ba ko ana sauri. Yakan ce karaya ba kasafai take cin hannu ba, matsi ne ke cinsa, domin in jini bai kai yatsu ba sai su yi sanyi, su yi baƙi, su mutu.

Baba bai ɗauki kansa mai warkarwa ba, kuma ba ya son a ce masa haka. In an cika masa godiya sai ya ce, "Ni ban taɓa haɗa ƙashi ba. Kusa da kusa nika aje su, in hana su motsi, Mai halitta shi yi aikinai." Ya ce mutane suna ganin ƙashi kamar itacen da aka kafa aka rataya nama a kai, alhali abu ne mai rai, yana ci, yana girma, yana tsufa. Na yaro ɗanye ne, yakan tanƙwara ko ya tsage gefe ɗaya, kuma ba ya daɗewa ya kama. Na tsoho ya bushe, ƙaramar faɗuwa ta isa, kuma sai an yi haƙuri da shi. In yaro ya karye kusa da gaɓa, Baba yakan rage murya ya ce a bi a hankali, nan ne wurin da yaro ke ƙara tsawo, in aka ɓata shi ƙafa ɗaya ta bar 'yar'uwarta a baya.

Mata sukan tsorata in sun ji ƙulli ya fito a inda suka karye. Sai ya ce a gaya musu wannan shi ake jira. Magini in zai toshe tsaga yakan lafta yaɓe fiye da kima, daga baya ya daidaita. Haka jiki ke yi. Ƙullin yakan fara da laushi, ya yi tauri, sannan a hankali ya rage har a manta da shi. Yakan matsa a ba mai karaya nono da kifi da wake. In lokacin taka ƙasa ya yi kuma ba ya sauraron kuka, domin ya ce ƙashin da aka bari yana hutu lalacewa yake yi, nauyi ne ke ƙara masa ƙarfi. Akwai kuma waɗanda ba ya karɓa. In ƙashi ya huda fata ya fito, ko ciwon a baya yake, ko a kai, sai ya ce a nemi mota a yi asibiti. Wasu su yi ta magiya, wasu su tafi suna gunaguni, shi dai ba ya canzawa.

Wata rana muna jiran a kawo ruwan zafi, na yi ƙarfin hali na ce a gaya wa Baba a makaranta an ce mana a cikin ɓargo ake yin jini. Har na fara nadamar buɗe baki. Sai ya ce, "A sake hwaɗi." Na sake. Washegari ya dawo bayan zana ba tare da akwai mai karaya ba, ya ce a tambayi mutanen Jega ko duk ƙasusuwa ne ko wasu. Na faɗi ɗan abin da na tuna. Maigidana ya ce mako guda Baba ya yi yana ba kowa labarin a zaure, yana cewa shekarunsa nawa yana tsotsar ɓargo bai san gidan jini yake sha ba. Tsoho ne da gemu fari fat, amma ya yi murna da abin kamar yaron da aka ba sabuwar riga.

Rigimarsu da Gwaggo a kaina aka yi ta. Ita ba ta ga dacewar abin ba, kuma ba ta iya ɓoye magana. Ina cikin ɗaki na ji ta ta tare shi.

"Yaya, garin ga ana magana. Suruki da matar ɗa kullum suna hira awa 'yan kasuwa."

"Ni da zana nika magana."

"Zana ke amsa maka?"

"Zanar kirki ce, ta yi makaranta."

"Ka ji, abin dariya ka maishe ni. Gidanmu ba a san haka ba. Ko Inna tana da rai ba ta yarda."

"Inna da tana da rai da ita ka yi. Ke na ce ki yi, kin ce ba ki son ƙara. In bar matan mutane su shanye don kunya?"

Gwaggo ta haɗa kayanta a ranar ta koma gidan ɗanta a Maiyama. Ta daɗe ba ta leƙo ba, ko sallah ba ta zo ba, kuma na san abin ya dame shi, don ya daina wasa da jikoki na wani lokaci. Abin da ya dawo da ita santsi ne. Ta zame a makewayi ta dafa ƙasa, hannu ya karye, aka kawo ta tana salati. Ita ƙanwarsa ce, babu abin da ya hana shi ya yi mata da kansa. Ya duba hannun a zaure, ya ce idonsa ya yi rauni yau, a kai ta wurin zana. Ni na yi mata ɗorin, tana zagina, tana zaginsa, tana zagin wanda ya zubar da ruwa a makewayi. Hannun ya kama lafiya. Ba ta taɓa cewa ta janye maganarta ba, amma ba ta sake yin ta ba, kuma daga nan ta dawo gidan da zama.

Akwai alheri ɗaya da ya yi mini wanda ban gane ba sai bayan lokaci. Shekarar da ɗana na goye ya rasu yana fitar da haƙori, na zauna a ɗaki kamar an zare mini laka. Suruki ba ya shigowa ya ba matar ɗansa haƙuri, iyakarsa ya aiko. Baba sai ya fara aiko da damin kara kowace hantsi, a ce mutanen Jega su fere su saƙa, ana bukata. In na gama a kawo wani. Na yi ta ferewa ina saƙa, wani lokaci ina hawaye a kai, har hannuna ya saba da motsi, har na fara cin abinci. Sai da na shiga ɗakin ajiya wata rana na ga saƙar tawa jibge har kusa da rufi, ba a taɓa ko ɗaya ba. Babu mai karayar da ke jira. Har ya rasu muna amfani da karan nan.

Bafillatanar a amalanke aka kawo ta. Ta je kasuwar Jega sayar da nono, ta hau motar albasa za ta koma, wajen sauka zanenta ya kama ƙarfe ta faɗo. Tana shigowa, duk da azabar da take ciki, abin da ta fara gaya mini shi ne ƙwaryarta ba ta fashe ba. Na shafa ƙwaurin lafiya, na koma ɗayan, na gaya wa zana abin da hannu ya gani. Babban ƙashin ya karye a tsakiya, ƙaramin na gefe yana nan. Baba ya ce an yi sa'a, ƙaramin zai riƙe mata tsawon ƙafar kafin babban ya farfaɗo. Muka ja, muka ɗaure tun daga gwiwa har idon sawu. Tun da rugarsu da nisa, ya ce ta zauna ɗakina. Yakan zo lokaci-lokaci ya tambayi Ƙwaurin Gumbin Kure, ita kuma ta amsa masa daga ciki, "Ƙwauri na gaishe ka, tsoho, ya ce ya gaji da kwanciya."

Zuwansa na ƙarshe bayan azahar ne. Na ji ya jingina da ginshiƙin zana, abin da bai saba ba, kuma muryarsa ta dushe. Na gaya masa ƙulli ya fito amma da laushi. Ya ce, "Ba yanzu ba. In na ji dama mu sake dubawa." Da yamma zazzaɓi ya kwantar da shi, bai sake tashi ba. Na so a ce ya bar wata magana a kan ƙafar nan, na tambayi maigidana da duk wanda ya yi jinyarsa. Bai bari ba. Yana sa ran zai tashi.

Bayan sadakar bakwai hadari ya fara haɗuwa ta gabas, mijin matar ya zo. Manoman Gumbin Kure sun fara sharar gona, dole shanu su bar wurin su nufi daji kafin shuka, kuma ya ce ba zai tafi ya bar iyalinsa a gidan da maigidan ya mutu ba. A kwance ta, zai ɗora ta a kan takarkari, sansu na ɗaukar kaya. Maigidana ya ba shi haƙuri, ya zaga gidajen ɗori na gari. Duk sun yi ta'aziyya, sun yabi Baba, sun ce ba su sa hannu a ɗorin wani. Ya dawo ya ce to a kai ta Birnin Kebbi a ɗauki hoton ƙafar a asibiti. Ita ta ƙi. Ta ce mota ce ta karya ta, ba ta sake shiga mota sai ta ga ƙafarta a ƙasa.

Muna zaune a tsakar gida an rasa abin yi, Gwaggo tana tsince wake. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kuna ta yawon neman hannun da ya ɗaura. Yaya ko sau ɗaya bai ga ƙahwar ga ba." Ta watsar da tsakuwa, ta ce da ni, "Tashi, 'yar Jega. Zaman mi kika yi?"

Na ce, "Gwaggo, ni hannu ce kawai. Shi ke cewa."

"To, yau babu mai cewa. Ki je ki duba, in kin ga ba ki sani ba ki hito ki ce ba ki sani ba. Shi ma ya sha hwaɗin haka."

Na yi alwala, na wanke hannu, na shiga. Na sassauta karan ba tare da na ɗaga ƙafar ba. Ƙullin ya ƙaru, ya fara tauri, amma da na tura dunduniyarta a hankali sai ta ciji leɓe. Ta yi sauri ta ce ba zafi. Na ce, "Dube ni ki sake faɗi." Ta kau da kai. Na mayar da kara na ɗaure, na gwada da ɗan yatsa, na danna farce.

Mijin yana tsaye a bakin zaure, maigidana yana tsakani. Na ce a gaya masa ba yanzu ba.

Mijin ya ce, "Tsoho ya rasu. Wa ya ce ba yanzu ba?"

Gwaggo ta amsa daga inda take, "Ƙashin ya ce. In kana jin maganarsa shigo ka tambaye shi."

Ya ce shi bai zo faɗa ba, amma ruwa ba ya jiran kowa. Sai matar ta ɗaga murya daga ɗaki ta yi masa magana da Fillanci, doguwa, ba ta tsaya ba sai da ta gama. Ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya yi mana sallama ya fita. Da na tambaye ta me ta ce, ta ce, "Na ce mishi ya tahi da shanu ya bar mini ƙahwata. In ya ɗauke ni yau, shi za shi ɗauke ni har in mutu, kuma na san shi, ba shi da wannan haƙuri."

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, tana nan ɗakina. Waɗannan makonni ban taɓa shiga irinsu ba. In na ce gobe zan kwance sai in ga ƙafar ta lanƙwashe a idona, in na ce a ƙara kwana sai in tuna gwiwar da ke sandarewa. Kowace sallah sai na roƙi Allah kada matar mutane ta nakasa a hannuna. Na duba, na mayar, na sake dubawa. Wata safiya ina shara sai na ga ta ɗaga ƙafar gaba ɗaya da karanta ta kori kazar da ta shigo ɗaki, ba ta ma san ta yi ba. Na ajiye tsintsiya. Ƙullin ya yi tauri kamar dutsen niƙa. Na tura dunduniya, na ƙara ƙarfi, tana kallona tana tambaya ko akwai sauran kunu. Na yi bisimilla na warware zaren.

Ƙafar ta fito siririya, fata na saɓulewa, idon sawu ya ƙage. Ta dube ta ta ce wannan ba tata ba ce, a dawo mata da tata. Muka bi ta da ruwan ɗumi da man shanu, Gwaggo ta ba ta sandar Inna. Ta fara da dafa bango, ta kai bakin murhu, ta kai rijiya. Kafin gero ya fitar da kai tana zaga gidan ba sanda. Amma tana ɗan ɗingishi. Ba mai yawa ba ne, sai wanda ya lura, ni kuwa ba abin da nake lura da shi sai shi.

Ranar da ƙanenta ya zo tafiya da ita, na raka ta har bakin zaure, na kasa riƙe abin a ciki. Na ce, "Ki yafe mini. Da Baba yana da rai, wataƙila da ba ki ɗingisa ba."

Ta tsaya ta dubi ƙafar, ta buga ta a ƙasa. "Adda, tana kai ni ruga ko ba ta kai ni?"

Na ce tana kai ki.

"To, mi kika so kuma? Miyetti, na gode. Ki gaida Gwaggo, ki ce ta rage hwaɗa."

Ƙanen ya kawo jaki, ta ce ya hau abinsa. Ta bi hanyar Maiyama da ƙafa, kafaɗarta ta hagu tana ɗan sauka da kowane taku, har gonaki suka rufe ta.

Har yau ban sani ba ko jinkiri na yi, ko tun wajen jan farko aka samu ɗan saɓani, ko kuwa haka ƙafar za ta kasance ko a gaban Baba. Mutum ɗaya ne zai iya gaya mini, kuma da zai faɗa ba tare da ya rage komai ba, don bai taɓa yi mini ƙaryar in ji daɗi ba. Wannan tambaya ita ce ta rage mini a hannu, kuma duk ranar da ta taso sai in ji rashinsa sabo.

Ya Allah, kai da ka san inda kowane ƙashi yake kwance, kuma ka yi alkawarin tara su, ka tashi bawanka a miƙe cikin waɗanda ka yarda da su. Ka yafe masa abin da ya kuskure, ka yalwata masa kabari, ka sada shi da Inna cikin rahama. Wanda ya karanta wannan, in ya taɓa karyewa Allah ya tashe shi, ya sa Baba a addu'arsa ta yau. Amin.